Ƙararrawar da ke Ƙarƙashin Gado

Litinin, 3 ga Maris

Wata mata ta zo tasha yau da littafi da igiyar awo. Ta auna ɗakin jira, ta leƙa tagar da muke sayar da tikiti a da, ta ɗauki hoton tankin ruwa. Shekara goma sha tara jirgi bai tsaya a nan ba, awaki ne fasinjojinmu. Me za a auna? Ban yarda da ita ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ta same ni a bencina. An gaya mata ni ne shugaban tasha na ƙarshe. Wai tarihin tashar take haɗawa, za a kafa allo a ɗakin jira. Na ba ta abin da kowa ya sani: shekarar da aka shimfiɗa layi, da shekarar da ruwa ya cinye gada muka kwana uku da fasinja ɗari biyu. Sai ta nuna ƙugiyar da ke bakin ofis.

"Baba, me ake ratayawa a nan?"

Na ce fitila. Ƙarya na yi, kuma ina jin ta gane.

Alhamis, 6 ga Maris

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ƙararrawar tashar tana nan cikin tsohon bargo. Ni fa ba sata na yi ba. Da aka fara raɗe-raɗin rufe tasha, na san 'yan gwangwan za su narkar da ita, shi ya sa na ɗauke. Sufeto ne ya zo bai gan ta ba, ya ɗora wa Dogo mai juya layi, tunda shi ke kaɗa ta. Aka kore shi. Ni dai ban ce shi ne ba. Ban ce komai ba.

Uwar yara ta leƙo, wai "Malam, yau kuma gaisawa kuke yi?" Matar nan ba ta iya shiru ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mai littafin nan ta yi awa guda a shagon tela tana tambaye-tambaye. Wa ya turo ta?

Lahadi, 9 ga Maris

Tana jiran in tuno sunan wani direba, sai ta fara buga biro a benci. Biyu, ta dakata, ɗaya. Ƙa'idar kaɗa ƙararrawa sau uku ne a jere. Dogo kaɗai ke kaɗawa haka, har na gaji da yi masa faɗa. Na ce a ina ta koya?

"Wurin mahaifina. Har ya rasu, kullum ƙarfe huɗu da minti goma, lokacin zuwan jirgi, sai ya buga cokali a kofi."

Ta nuna mini takardar korarsa, duk ta yi laushi don naɗewa.

"Ita kaɗai na samu a kansa, Baba. Ban san me zan rubuta a allon ba."

Ashe ba bincikena ta zo yi ba. Da shi ne ma, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni cin abinci.

Talata, 11 ga Maris

Na goge ƙararrawar da toka da lemon tsami. Ta ƙara nauyi, ko kuwa ni ne. Na ari baro, zan mayar da ita ƙugiyarta. Ba don kowa ba, ɗakin ne ya yi mana kaɗan. Na aika a ce wa 'yar Dogo ta zo gobe ƙarfe huɗu, ta taho da littafinta, akwai gyara.

Ɗazu na gwada a kan gwiwata. Biyu, dakata, ɗaya. Nasa ya fi daɗi.