Takalman da Suka Ƙi Sakin Janar

San Lucas Atzompan, farkon Maris

Zuwa ga Kamfanin Takalma na Arreguín da Surukansa, León.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da ma'aikatanku. Sunana Herminia Tecuatl, shekarata sha huɗu. Ni nake rubuta wa kakana Don Nicanor wasiƙa, don idonsa ya yi rauni. Ku yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na gama, kuma ban taɓa rubuta wa kamfani ba.

Kwalin ya iso, mun gode. Takalman sun kai gwiwa kamar na hoton, suna ƙanshin sabuwar fata. Sai dai ina jin an yi ɗan kuskure. Mun ɗora su a tebur, mun juya su ta ko'ina, ba mu ga na dama ba, ba mu ga na hagu ba, duk biyun iri ɗaya ne. Da Kaka ya gwada, ya ce yatsunsa sun hau kan juna kamar fasinjojin motar kasuwa.

Abin da ya sa muka damu shi ne wasan yaƙin Faransawa da garinmu ke yi ran biyar ga Mayu. Tun ba a haifi babana ba Kaka yake fitowa a sojan Faransa, kuma kowace shekara a ƙofar kantin magani ake kashe shi, tun yaƙin bai yi zafi ba. Bana ne kwamiti ya ba shi Janar ɗin Faransawa. Amma Janar da takalminsa yake zuwa, in ba shi da shi a ba wani. Wanin kuwa Don Tiburcio ne, compadre ɗin Kaka, wato amininsa, shi da ma yana da takalman da ya gada.

Kaka ya ce in ƙara wata magana a kan mahaifiyar wanda ya ɗinka su. Na motsa alƙalami kamar ina rubutawa. Don Allah ku musanya mana.

Na gode ƙwarai. Taku cikin ladabi,
Herminia

*

León, Maris

Zuwa ga mai daraja Don Herminio Tecuatl.

Kamfanin Arreguín da Surukansa yana miƙa gaisuwar ban girma, yana kuma farin cikin jin cewa kayan sun burge ka.

Game da abin da ka kira kuskure, muna sanar da kai cewa ba mu san shi a wannan gida ba. Takalmanmu na tarihi ne, kuma sojan wancan zamani bai san hagu da dama a takalmi ba, ƙafa ce take koya wa takalmi inda zai nufa. Wanda yake son hagu da dama, ai na zamani yake nema, su kuwa suna nan a kowace kasuwa.

Shawararmu ita ce Janar ya sa su, ya tsaya cikin ruwa har su jiƙe sarai, sannan ya yi ta tafiya har su bushe a ƙafarsa. Daga nan ba zai so rabuwa da su ba.

Da girmamawa mai yawa,
Señorita Leocadia Barajas
Sashen Faranta wa Masu Saye

*

San Lucas Atzompan, farkon Afrilu

Goggo Chabela,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata ciwon bayan ya yi sauƙi. Kowa a gida yana gaishe ki. Goggo, ki karanta wannan ke kaɗai, don Kaka Nicanor bai san na rubuto ba.

Kin ji labarin takalman da ya saya daga garinku. Kamfanin ya ce ya jiƙa su a ƙafarsa. Ya shiga komin ruwan alfadari ya tsaya, alfadarin yana gefe yana jiran ya sha. Ruwan ya koma baƙi. Ya fito ya yi ta zagaya gonar masara har suka bushe. Sun bushe kam, Goggo, amma sun ƙi fita.

Babana ya ja, Kawu Fermín ya ja. An ɗaura Kaka a jikin bishiyar afokado su biyu suka ja tare, sai da ya kira sunayen waliyyai har da waɗanda ban taɓa ji ba. Yanzu da su yake wanka, da su yake kwana. Matarsa Kaka Pascuala ta ce ita ba ta auri doki ba, don haka rabinsa ne a gado, ƙafafun suna kan kujera.

Ke kin san yadda ake gama yaƙin. Sai mutanen gari sun kayar da Janar a dandali, sun tuɓe masa takalma, sun rataya su a gora sun kai coci, sannan a buga kiɗa a buɗe tukwanen miyar mole. Janar da takalminsa ba ya fita, yaya za a ci shi da yaƙi? In kwamiti ya ji, ran nan za su ba Don Tiburcio.

Kaka yana gaya wa mutane wai sabawa yake yi, wai janar na gaske ko a barci janar ne. Amma Don Tiburcio ya fara shinshina. Kullum yana zaune a ƙofar gidansa yana goge nasa, ya sa, ya cire, ya sa, ya cire, a hankali, don Kaka ya gani. Jiya ya ce, "Compadre, ɗan ciro ɗaya mana in ga ɗinkin ciki."

Kaka ya ce, "Sirrin soja ne, compadre. Kai dai ci gaba da goge na kakanka, kada ƙwari su ƙarasa su."

Ya wuce yana taku kamar ba komai. Da muka sha kwana sai ya dafa kafaɗata, duk ya yi gumi. Goggo, don Allah ki je kamfanin da kanki. Ni ko a gaban mai gidan waya muryata ba ta fita, ke kuwa kowa ya san bakinki.

'Yarki mai ƙaunarki,
Herminia

*

León, tsakiyar Afrilu

Minia, 'yar albarka,

Gaisuwa, ki gaida kowa, ban da wannan tsohon mai taurin kai da ya haife ni. Bayana yana nan yadda yake.

Na je. Kamfanin da kike ta yi wa ladabi shago ne a bayan wurin gyaran taya. Na ce a kira mini Señorita Leocadia. Wani mai gashin baki kamar tsintsiya ya ajiye taco ɗin da yake ci, ya goge hannu a wando, ya ce ga shi. Na ce wa? Ya ce shi ne. Sunansa Baldomero, ɗaya daga cikin surukan. Wai a da, da sunansa yake amsa wasiƙu, sai mutane suka riƙa zuwa da sanda, shi ya sa ya koma mace, zagin ya ragu.

Na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya saurara da kyau, har da girgiza kai, sannan ya ce babu damuwa, suna musanyawa, in dai an dawo da kayan cikin kwalinsu kuma ba su taɓa ruwa ba. Na ce kai ka ce a sa su a ruwa. Ya ce Señorita Leocadia ce ta faɗa, shi ba zai shiga aikin wani sashe ba.

Na ce, "To ubana fa da ke ciki? Shi ma in naɗe shi in sa a kwalin?"

Ya ce, "Doña, in dai kwalin ya rufu."

Abin da na faɗa masa bayan nan ba na kunnenki ba ne. Masu gyaran taya sun daina aiki sun zo kallo, ɗaya har ya ba ni kujera. Amma ban fito da komai ba.

Ku ɗura kitsen alade ta sama. In ya ƙi, ku sa wuƙa ku yanka, a bar wa Tiburcio janar ɗin. Ƙafa ta fi wasa. Ki faɗa masa ni na ce.

Goggonki,
Chabela

*

San Lucas Atzompan, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Señorita Leocadia, ko Don Baldomero, duk wanda ya buɗe.

Ina gaishe ku. Mun ɗura kitsen alade. Takalman ba su motsa ba, sai dai yanzu karnukan unguwa suna bin kakana duk inda ya je, har cikin coci. Ya ce da a yanka su gara a yanka shi, domin ya gaji da mutuwa a ƙofar kantin magani. Ba musanya nake nema ba yanzu. Ku da kuka yi su, don Allah ku gaya mana yadda ake cire su.

Taku,
Herminia (mace ce, ba Herminio ba)

*

León, ƙarshen Afrilu

Mai daraja Don Herminio,

Gaisuwar ban girma. Mun ji daɗi ƙwarai da jin cewa Janar bai rabu da takalmanmu ba tun Maris. Ba a taɓa yaba mana haka ba, kuma muna neman izinin sa sunansa a tallarmu. Batun cirewa kuwa, aikinmu yana ƙarewa ne da zarar ƙafa ta shiga.

Da girmamawa,
Señorita Leocadia Barajas

*

San Lucas Atzompan, Mayu

Goggo Chabela,

Ina gaishe ki. An yi yaƙin, ga yadda aka yi.

Kaka ya fito da jan wando da takobi, an shafa masa fari a fuska. Goggo, ya yi kyau. Ɗingishin ma mutane sun ɗauka takun manya ne. Da ya zo ƙofar kantin magani sai ya tsaya, ya dubi wurin da ya saba faɗuwa, ya ɗaga takobi ya wuce. Ni ina bayan keken mai sayar da masara, na ji hawaye.

An ƙona albarushi har ba a ganin hasumiyar coci. Faransawa suka zube, aka kayar da Janar a dandali. Mutum biyu suka kama takalman suka ja. Aka ƙara biyu. Suka ja shi a ƙasa daga maɓuɓɓugar ruwa har ƙofar ofishin gari, yana riƙe da hularsa, yana zaginsu da Faransancin da shi ya ƙirƙiro. Mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka sabon salo ne.

Sai abin ya daɗe. Masu kiɗa sun ɗaga kakaki sun sauke har leɓensu ya bushe. Matattun Faransawa suka fara ɗaga kai suna leƙe. Kawu Fermín, wanda aka kashe tun da hantsi, ya tashi zaune ya ce in dai ba a tuɓe Janar ba ai ba a ci su ba, su koma yaƙi kawai. Wasu har sun fara laluben bindigoginsu. Shugaban kwamiti ya ce kowa ya mutu yadda yake, kada wanda ya motsa.

Can sai ga Don Tiburcio ya ratso taro, sanye da takalmansa. Ashe da shirinsa ya zo. Ya ce shi da ma ya sani, a ba shi hular, ya kwanta, nasa da yatsa biyu ake cire su. Shugaban kwamiti ya dubi Kaka, ya miƙa hannu wajen hular. Kaka ya daina Faransanci. Ya rungume hular a ƙirji, yana kwance a ƙasa, bai roƙi kowa ba. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba.

Kaka Pascuala ce ta fito daga rumfar girki da ludayi a hannu. Ta ce mole ɗinta ya fara kamu, tun shekaranjiya take niƙa barkono, ba za ta zuba wa kare ba saboda mazan da suka kasa cire takalmi. Ta tambayi shugaban me al'ada ta ce. Ya ce takalman Janar su shiga coci a kafaɗar mutanen gari.

Ta ce, "Al'adar ta ce babu kowa a ciki?"

Shugaban ya dubi Fada, limamin coci. Fada shi ma yunwa yake ji, ya ce shi dai bai taɓa jin an ce haka ba.

Aka ɗauko tsanin masu gyaran lantarki, aka kwantar da Kaka a kai, takalma a gaba, aka ɗaga shi sama. Kiɗa ya tashi. Suka zagaya dandali da shi, yara suna jifa da furanni, karnuka suna biye. Matattun duka suka tashi suka bi. Yana sama yana gaishe da kowa da hula. Da suka wuce Don Tiburcio sai ya leƙo ya ce, "Compadre, yanzu kana iya ganin ɗinkin ƙasa."

Da aka gama cin abinci, Kaka Pascuala ta zaunar da shi a tsakar gida, ta ɗauko wuƙar yankan kaza. Wannan karon bai yi musu ba. Ƙafafun sun fito baƙi ƙirin, ƙamshinsu kuwa ba zan rubuta ba, kowa ya tashi daga wurin sai ni da ita. Mai kantin magani ya ce za su warke.

'Yarki,
Herminia

*

San Lucas Atzompan, Yuni

Goggo,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙa yana jira. Kwamiti ya zauna. Sun ce ɗaukar Janar a tsani ta shiga al'ada, mutane sun so ta. Don Tiburcio ya ce baɗi layinsa ne. Masu ɗaukar tsanin suka dubi cikinsa, suka dubi Kaka da bai fi buhun wake nauyi ba, suka ɗaga hannu gaba ɗaya.

Kaka ne Janar baɗi ma. Ya kai takalman wurin mai gyaran sirdi a ɗinke su. Kaka Pascuala ta yarda ya dawo gado dukansa, amma ta ce ran yaƙin da safe zai sa su, kuma wuƙar tana aljihunta.

Ki huta lafiya.
Herminia