Kwando Ya Daina Wucewa Ta Gindin Darbejiya

Zuwa ga Yayana Sabi'u, a duk inda wannan saƙo ya same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Umma tana gaishe ka, Baffa Ado ma haka. Na sa wasiƙar nan a fili inda kowa zai karanta ne saboda lambarka ta daina shiga tun lokacin shukar alkama. An ce masu haƙar zinare irinku a can bayan Agadez sukan samu sabis jefi-jefi idan sun hau tudu, wataƙila wani ya gani ya nuna maka.

Gona lafiya lau. Ruwa yana zuwa kanal a kan lokaci, tumatir ya fara nuna. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne karenka, Kwando.

Ka tuna ranar da ka dawo da shi daga kasuwar Bunkure a cikin kwandon tumatir, ko tafiya bai iya sosai ba. Umma ta ce ba dai a gidanta ba, sai ka kafa masa 'yar rumfa a bayan katanga. Duk inda za ka, yana biye da kai: wurin injin casar shinkafa, tashar masu babur, bakin kwalbati inda Fulani suke shayar da shanu. Ka ce gadin injin ban ruwa zai riƙa yi mana. Ni kuwa na ce in ɓarawo ya zo, Kwando ne zai nuna masa inda muka ɓoye tiyo, ya kuma raka shi har bakin titi. Karen nan bai san tsoro ba, bai san baƙo ba, kowa nasa ne.

Abu ɗaya ka tsananta masa a kai, shi ne sallah. Kullum idan muka nufi gona da yamma kakan tsaya a gindin darbejiyar nan da ka dasa a bakin kanal, ka yi alwala, ka yi la'asar. Kafin ka tayar sai ka nuna masa ƙasa ka ce, "Kwanta, ana sallah." Sai da ya kai ba ka buƙatar faɗa. Da ya ga mutum ya fuskanci gabas zai ja baya ya kwanta, ba ya gittawa ta gabansa, ba ya motsi sai an yi sallama. Har daga wasu gonakin ake zuwa kallo.

Da ka tafi ya yi 'yan kwanaki yana leƙa hanya, daga baya ya haƙura ya koma bina. Haka muka ci gaba, ni a gaba da fartanya, shi yana tsalle yana korar balbelu.

Ran nan da yamma muna kan gaɓar kanal, rana tana nan sarai, mutane suna ta aiki a fangalansu na ban ruwa, sai na ji babu motsinsa a bayana. Na waiwaya na gan shi ya ƙame, wutsiya a tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, jikinsa yana karkarwa kamar an tsamo shi daga ruwan sanyi. Darbejiyar yake kallo. Na kira shi, na yi masa fito irin naka, ko gezau. Na duba gindin bishiyar ko maciji ne, na tono busassun ganye da fartanya, ban ga komai ba. Da na matsa masa sai ya gangara cikin fangalin wani, ya kutsa taɓo har ciki, ya yi dogon zagaye ta yamma, ya ɓullo can gaba.

Daga ranar abin ya zama kullum. Tsoron ya ma bi shi har gida. Buhun taki idan iska ta kaɗa shi sai ya zabura. Babur ɗin da a da yake bi da gudu, yanzu da ya ji ƙararsa zai shige rumfa. Abincinsa ya ragu, haƙarƙarinsa ya fara fitowa.

Kowa da abin da ya faɗa mini. Malamin dabbobi da ke zuwa daga Kura duba awaki ya ce karnuka masu tasowa sukan shiga irin wannan yanayi kafin su cika girma, kada in dake shi, kada in ja shi da ƙarfi, zai wuce. Wani Bafulatani da ke kiwo a wajen ya ce wataƙila jifansa aka yi a wurin ba na nan. Baffa Ado kuwa ya ce kare yana ganin abin da mutum ba ya gani, in ba mafarauta shi tun bai jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu ba. Na ce masa da tsamiya ce da sai in yarda, amma wane aljani ne zai tare a darbejiyar da Yaya Sabi'u ya dasa da hannunsa? Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na bi shawarar malamin dabbobi. Na daina tilasta shi, nakan tsaya nesa in jira. A jiran nan ne na lura da abubuwa biyu da suka hana ni sakewa. Da safe idan muka bi ta wurin lafiya lau yake wucewa, har ya shinshina gindin bishiyar. Sai da la'asar kawai. Sannan zagayen nan da yake yi ta cikin taɓo, ko sau ɗaya bai taɓa bi ta gabas ba, alhali ta nan ne busasshiyar hanya take. Ta baya yake bi, Yaya, yadda ake bi ta bayan mai sallah.

Da na daina kiransa ma sai ya daina zagayen. Yakan kwanta daidai tazarar da yake ba ka, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana rawar jiki, idonsa a kan wurin da babu kowa. Bayan ɗan lokaci sai ya miƙe ya wuce sumsum.

Ka san ni da taurin kai. Na ce bari in riƙa yin tawa la'asar ɗin a wurin, in ga iyakar abin. Na yi alwala a kanal, na shimfiɗa buhu can gefe, na tayar. Ina zaune a tahiyar farko na ji ƙarar tashinsa, ya kaɗe jiki ya yi gaba. Karen da bai taɓa motsi kafin sallama ba. Washegari haka, rana ta uku ma haka, kullum a raka'a ta biyu yake tashi. Ba tawa sallar yake jira ba. Wadda yake jira raka'a biyu ce.

Ranar da na gane haka ban iya ban ruwa ba, na zauna a kan kunya har ruwa ya cika fangali ya malala. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma a cikin tsoron na samu abin riƙewa. Na ce wa kaina ai matafiyi ne yake ƙasaru. In dai raka'a biyu ce, to Yaya yana kan hanya, bai sauka ko'ina ba. Ko me Kwando yake gani, mutum ne da bai gama tafiyarsa ba. Na san in malamai suka ji wannan lissafi nawa za su ce in yi istigfari, kuma na yi. Amma da shi nake iya barci.

Umma ba ta san komai ba. Ita da ta ƙi jinin karen nan, yanzu ita ke tara masa ƙanzo a tsohon kwano, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa na yayanka." Wayarta ba ta rabuwa da caji. Idan baƙuwar lamba ta kira, ko ƙara biyu ba ta yi take ɗauka. Tana tambayata ko yana cin abinci, in ce mata yana ci.

Jiya ne abin ya canja. Na tayar da sallah kamar kullum, na zauna tahiyar farko ina sauraron tashinsa, ban ji ba. Na miƙe na kawo ta uku, na kawo ta huɗu, shiru. Sai da na yi sallama na juya na gan shi kwance, jikinsa ya daina karkarwa gaba ɗaya. A lokacin na lura ban shimfiɗa buhuna can gefe inda na saba ba. Na matso gindin bishiyar ban sani ba, na tsaya ta dama, ɗan baya kaɗan, inda nake tsayawa idan kana ja mana sallah.

Na san abin da za ka ce, da irin dariyar da za ka yi mini. Za ka ce kare ya warke kamar yadda malamin dabbobi ya faɗa, ya koma jiran sallar mai gidansa na yanzu. Ni ma haka na so in ɗauka. Amma da ya tashi ba wurina ya zo ba. Ya wuce ni da gudu yana kaɗa wutsiya, ya faɗi a gaban buhun ta hagu, ya juya cikinsa sama yana wannan ɗan kukan da ban sake ji ba tun ranar da ka hau mota. A hanyar gida bai bi bayana ba. Gefe yake tafiya, ya bar fili tsakanina da shi, yana ɗaga kai sama lokaci-lokaci. Da muka iso ya tsaya a ƙofar gida inda yake tsayawa idan ka shiga, ya daɗe yana kallon zaure. Daren jiya ya cinye ƙanzonsa tas.

Umma ta ga kwanon da safe ta yi murna, ta ce alamar alheri ce. Na ce mata Allah Ya sa.

Yaya, wallahi na fi son lokacin da yake jin tsoro. Wanda ya iso gida ne yake cika raka'a huɗu, ni kuwa ban gan ka ba. Ba kuɗi muke nema ba, ba zinare ba. In kana raye ka ari wayar wani ka kira Umma, ko kalma ɗaya ce, ka ce mini sakarai mai auna sallar kare, zan karɓa da farin ciki. Wanda kuma ya karanta wannan ya san wani abu game da kai, ni zai nema, kada ya kira ta.

Allah Ya tsare ka a inda kake. In kana kan hanya, Allah Ya kawo mana kai da ƙafafunka. In kuma ka riga ka sauka, Allah Ya yalwata maka masauki, Ya haskaka shi, Ya ba ni bakin da zan iya faɗa wa Umma. Amin.

An kusa kiran la'asar, Kwando yana bakin ƙofa yana jira. Zan je, zan kuma bar maka wurinka.

Ƙaninka,
Nafi'u