Talotalon da Na Binne Ya Fito a Hoton Ciyaman

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa, domin zuciyata tafasa take yi.

Shekarata uku ina aiki a shagon hoto na mijin Yayata. Makarantar allo kaɗai na yi. Turancin da ke cikin manhajar gyaran hoto ba na karanta shi, amma hannuna ya san gidan kowane abu. Abin ba wuya: hoto leya-leya ake gina shi, kamar ki jera gilasai wani kan wani. Na sama shi ake gani, na ƙasa sai in an ba shi hanya. Kwana biyu na yi na gane wannan. Amma akwai wani a shagon da muke kira Difloma, don ko ruwa zai sha sai ya ambaci takardarsa, har gobe in leya ta ɓace masa ni yake ƙwala wa kira.

Ba zan ɓoye miki ba, ina da tsokana. Duk hoton da na gyara nakan binne wani abu can ƙasa, ƙarƙashin bangon hoton, inda ba ya fitowa. Mai surutu in ajiye masa aku, mai hamma in shimfiɗa masa katifa. In mai hoto ya tafi sai in ɗaga bangon mu sha dariya, in mayar. Kowa a shagon ya sani. Difloma ma ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da dukan tebur.

To, wan mijin Yayata ya ci zaɓen ƙungiyar direbobi, ya zama Ciyaman, ya ce a yi masa babban hoton ofis. Mutumin nan in yana tafiya sai ki rantse shi ya shimfiɗa ƙasar. Na gyara shi tsaf, na goge masa maiƙon goshi, na sa bango shuɗi mai kauri. A ƙarƙashin bangon kuwa na ajiye talotalo ya baje wutsiya, daidai bayan kansa. Ana haka aka aike ni sayo tawada. Kafin in dawo Difloma ya haye kujerata, wai shuɗin ya yi duhu. Ya rage wa bangon kauri don ya saje da abin da ke ƙasa, bai ko leƙa ya ga mene ne a ƙasan ba. Fuskar kwamfutarmu dishi-dishi take, ba a ga komai ba. Ya buga, ya sa a firem, ya naɗe da takarda.

A ofis aka yaye takardar, gaban direbobi sun fi hamsin. Anti, wutsiyar nan ta fito kamar inuwa, ta zagaye kan Ciyaman, kamar da ita aka haife shi. An ce wani tsoho ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Yanzu in Ciyaman ya wuce, bayansa kukan talotalo ake yi.

Ga abin da ke ƙona min rai. Difloma ya rantse bai san komai ba, wai aikin jahili ne, abin da ake samu ke nan in an ba wanda bai je boko ba kwamfuta. Ni ne jahili! Mijin Yayata bai tambayi ba'asi ba, ya tashe ni daga kwamfuta ya mayar da ni yankan takarda. Gida ɗaya suke da Ciyaman, shi kuwa Ciyaman ya hana iyalinsa amsa gaisuwar Yayata. Kullum sai ta kira ni tana kuka. Mijinta ya ba ni zuwa ƙarshen mako, ko in je in durƙusa gaban Ciyaman ni kaɗai, ko in bar shagon.

Ni kuwa na ce wanda ya tono shi zai durƙusa. Shekara uku ina binnewa, ko ɗaya bai taɓa leƙowa ba. Kuma hoton Difloma na wayata, na riga na samo jakin da ya dace da shi, saura in tura guruf ɗin unguwa. Ki gaya min gaskiya, laifin wa?

Ƙaninki,
Mai Yankan Takarda Dole

Ƙanina,

Na yi dariya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ba a kaina wutsiyar ta fito ba.

Kana da gaskiyarka. Wanda ya taɓa aikin wani bai duba abin da ke ƙasa ba ya yi sakaci, wanda kuma ya sha dariya da kai jiya ya kira ka jahili yau ya yi rashin kirki. Jahili ba ya koyon sana'a da ido. Sai dai Difloma bango ya rage, bai zana talotalo ba. Mutum ya ba ka amanar fuskarsa, ka ajiye masa zagi a ƙarƙashinta. Shekara uku ba a kama ka ba, sa'a ce, ba gwaninta ba. Rana dubu ta ɓarawo, ka san sauran.

Kuma duba wanda ke ɗauke da nauyin. Kai takarda kake yanka, Yayarka kuwa gaisuwa take yi ana kau da kai, a gidan aurenta, kan laifin da ba ta ji ba ta gani ba.

Ka fara da ita, ka ba ta haƙuri. Sannan ka roƙi mijinta ya bar ka ka hau kwamfutar sau ɗaya, ka yi wa Ciyaman sabon hoto mai tsabta daga sama har ƙasa, ka kai masa da hannunka. Ka ce ka yi kuskure, kada ka sako sunan kowa. Zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai. In ƙura ta lafa, ka buɗe wa mijin Yayarka aikin, ka nuna masa abin da ya faru cikin nutsuwa, ku sa doka: ba mai buga hoto sai ya duba kowace leya, kuma a fara gwadawa a ƙaramar takarda. Shi da kansa zai gane inda sakacin yake. Tsokana kuwa, ka yi ta da wanda zai gani ya yi dariya tare da kai.

Jakin nan kuma, goge shi yau. Kada ka ce za ka binne shi, ka dai ga yadda binnewarka take ƙarewa.

Allah ya huci zuciyarka, ya mayar da kai kujerarka, ya sa Yayarka ta ji an amsa mata gaisuwa.

Antinka