Keke Yana Jiranka a Kankiya

Kaikai, ƙasar Kusada
Oktoba, 1954

Lami ta haihu! Mace! Ɗiya ce mai gashi baƙi wuluk, da hanci irin na uwarka, Allah Ya sa dai ba ta ɗauko bakinta ba.

Af, na manta ban gaishe ka ba. Zuwa ga ɗana Sada, a wajen haƙar kuza a Bukur. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Wannan rubutu da hannuna na yi shi. Ina zuwa ajin Yaƙi da Jahilci bayan la'asar, ni ne tsohon ajin, shi ya sa layin yake hawa da sauka.

Matarka ta sauka lafiya a gidan mahaifinta Modibbo, a Sukuntuni, inda ta je goyon ciki. An yi suna, an raɗa Sa'adatu, ana kiranta Sa'a. Ni dai amaryata nake ce mata.

Ga wani labari kuma. Na koyi hawan kekenka da ka bari a zaure, don ƙafa ba ta kai ni Sukuntuni yadda nake so. Ranar farko na shiga shingen maƙwabcinmu Kabo, rana ta biyu na shiga rumbunmu. Uwarka Ma'u ta fito tana cewa, "Gajere, ƙafarka ba ta kai feda ba, ka rufa mana asiri!" Na ce mata sabuwar amarya na yi, dole in je zance. Ta ce, "Je ka, ta ga haƙoranka ta fasa."

Hanyoyi uku na gano. Akwai ta cikin Kusada, mai marmara, ta fi nisa amma ba ta cin taya. Akwai ta kan duwatsu, inda za ka sauka ka tura har ka hau falalen dutse, sannan ka gangara kana riƙe da birki kana salati. Akwai burtalin shanu, shi ya fi kusa, sai dai ƙaya da rairayi. Idan ka sauka daga mota a Kankiya, ta marmara za ka biyo.

Ka zo kafin a gama wankan jego, ka ɗauko iyalinka da kanka. Uwarka tana gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Gajere

*

Bukur
Disamba, 1954

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa, Malam Gajere.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, tare da ladabi da biyayya. Takardarka ta iso, an karanta mini, na ji abin da ke ciki. Ina gaida Inna da Kabo da duk mutanen unguwa. Ina fatan gero ya yi kyau, kuma jakin ya warke.

Aiki ya yi yawa a nan, ba a ba da hutu yanzu. Game da keke, idan akwai mai so a ba shi, kada ya zauna yana tsatsa, kai ma kada ya karya ka.

Mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ne ya rubuta mini wannan. Wassalam.

Ɗanka,
Sada

*

Kaikai
Fabrairu, 1955

Zuwa ga ɗana Sada, gaisuwa da sa albarka.

Takardarka ta faranta mini rai. Na karanta ta a aji da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba sai a wuri ɗaya. Da na kai ƙarshe malaminmu ya ce, "To, Baba, ai bai ambaci jaririyar ba." Na yi masa dariya. Na ce, "Malam, boko ya cinye ka. Ɗiyar fari ce! Wane ɗan mutunci ne zai ambaci ɗiyarsa ta fari a gaban ubansa?" Duk tsofaffin ajin suka ce gaskiya ne. Ka tambayi lafiyar jaki, ka tsallake ɗiyarka: kunya ke nan irin ta gidanmu. Ni ma haka na yi da yayanka marigayi, ban taɓa kiran sunansa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Uwarka har da hawaye, ta ce bariki bai lalata ka ba.

Tunda ba za ka tambaya ba, bari in gaya maka. Tana zama idan an tokare ta da matashi. Idan na kaɗa ƙararrawar keke a ƙofar gida, sai ta waiwayo tana neman ta ina. An gama arba'in tuntuni, amma Modibbo ya ce su zauna sai ka zo.

Keke ba na bayarwa ba ne. Ga dabarar da na yi. Duk ranar kasuwar Kankiya nakan hau shi in kai wa Dabo mai faci, kusa da inda motocin Kano ke tsayawa, in bar shi can kwana biyu, ni in dawo a ƙasa, don idan ka sauka ka samu abin hawa. Dabo yana tsokanata, wai, "Tsoho, kai ne kake hawan keken nan ko shi yake hawanka?" Ka tambayi rumfarsa, kowa ya sani. Iska na cikin taya, famfo na ɗaure a jiki.

Na kuma sassaƙa wata 'yar kujera da itacen marke, na shimfiɗa mata fatar akuya, na ɗaura a kan kariyar gaban keke, kusa da ƙararrawa. A kanta zan ɗauko amaryata ranar yaye, in kawo ta wa uwarka, kamar yadda aka kai ka gidan kakarka.

Mahaifinka,
Gajere

*

Sukuntuni
Yuli, 1955

Da sunan Allah. Daga Modibbo zuwa ga ɗan'uwa Malam Gajere. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka.

Na sa an rubuta maka da boko don ka karanta da kanka, kada ka ji a bakin kasuwa. Sau uku ina shirin gaya maka, sai in gan ka ka iso jiƙe da gumi, gwiwa a ƙuje, kana kaɗa wa yarinya ƙararrawa, sai bakina ya ƙi.

Ummaru ɗan ƙanena ya dawo daga Bukur. A gabansa da gaban wani mutum Sada ya furta cewa ya sawwaƙe wa Lami. Ya yi wani gida a can. Ummaru ya ce masa, "Yarinyar fa?" Ya ce ta zauna inda take. Malam, shirun nan da kake yabo ba kunya ba ce. Mai kunya ba ya kiran suna, amma yakan aiko da ɗan zane ta hannun wani.

Na biyu, gonakin gyaɗa sun cinye mana makiyaya. Bayan kaka ni da ɗana Bubayero za mu tashi da shanu zuwa kudancin Zazzau, kuma ba da niyyar dawowa ba. Lami za ta bi mu, yarinya kuma tana shan nono, ba a raba ta da uwa. Idan ubanta ya aiko da magana cewa a kawo ta Kaikai ranar yaye, ko daga ina ne zan kawo ta, don haƙƙinsa ne. Idan bai nema ba, ba zan ɗauke ta daga uwar da ke sonta in aika wa uban da bai tambaya ba.

Ka daina bin ta kan duwatsu da damina, santsi gare su. Allah Ya ba mu haƙuri.

Modibbo

*

Kaikai
Agusta, 1955

Sada,

Muna lafiya. Wannan ban kai ta aji ba, a ɗaki na rubuta.

Na ji abin da ka yi. Ba zan yi maka faɗa ba, takarda ba ta ɗaukar faɗa. Na ɗauko kekenka daga wurin Dabo. Bai tsokane ni ba wannan karon, ya dai sa wa cen ɗin keken mai, ya miƙo mini.

Abu ɗaya nake roƙo, ni da na haife ka. Ka je wurin mai rubutun nan na bakin kasuwa ka ce ya rubuta wa Modibbo: a kai yarinya Kaikai ranar yaye. Ba sai ka faɗi sunanta ba. Ba sai ka zo ba. Ci da sha da sutura duk nawa ne.

Uwarka ba ta sani ba tukuna. Jiya ma tana gaya wa matar Kabo irin kunyarka.

Za su tashi da an gama yankan dawa. Ka yi sauri.

Mahaifinka,
Gajere

*

Kaikai
Disamba, 1955

Ta yi tafiya! Da ƙafarta, a cikin gidanmu!

Sada, gaisuwa. Amsarka ba ta zo ba, ni ma na daina zuwa tambaya.

Sun tashi ranar Talata. Na san da shanu ba za su bi marmara ba, ba za su hau dutse ba, sai burtali, shi kuwa yana wucewa ta bayan gonar Kabo. Can na tsaya da keke. Na roƙi Lami ta ara mini amaryata kafin shanu su gama shan ruwa. Ta dube ni, ta kwance goyo, ta ɗaura ta a kujerar da ɗankwalinta. Kujerar ta yi mata daidai, Sada! Hanya duk ita ce mai kaɗa ƙararrawa, don na sauka na tura, na matso da hannunta.

Mun tarar uwarka tana daɓen ɗaki, ƙasa ɗanya. Na ajiye ta a bakin ƙofa, sai ta saki hannuna ta taka har tsakar ɗakin, ta faɗa jikin kakarta. Uwarka ta jefar da madaɓi, ta ce duk wanda ya shafe wurin nan ba ta yafe ba.

Na mayar da ita kamar yadda na yi alkawari. Na bi su a baya har inda rairayi ya riƙe taya.

Daɓen ya bushe. Sawun na nan, har da 'yan yatsu, na hagu ya ɗan karkace irin naka. Mun bar ɗakin, mun koma kwana a na baya. Na sake kai keke wurin Dabo. Ka zo ka gani. Ka gaya wa Ummaru, da mai rubuta maka wasiƙa, da matar da ka aura, da duk mutanen ƙasarmu da ke Bukur, ƙofa a buɗe take, kowa ya zo ya gani.

Mahaifinka,
Gajere