Ranar da Auta Ta Tuƙa Baba

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Allah ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yaran nan. Mu nan duk lafiya lau, sai kewarku. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma zagayen maƙwabta. Maigidana kuwa yana nan da alkawarin gyaran famfon tsakar gida, wanda ya ɗauka tun kafin ka tafi.

Ran nan a waya ka tambaye ni ko Baba ya yarda Auta ta karɓi aikin tuƙa motar 'yan makaranta, na ce sai na rubuto, ka ce ina ja maka rai. Ba jan rai ba ne, maganar Baba ce ba ta shiga waya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, yadda yake auna kwana haka yake auna kalma. In ya ce maka ya ji, tashi ka kama gabanka, an rufe zance. In ya ce yana zato, ya bar wa kansa ƙofar fita ne. In ya ce yana tsammani, da ɗan haske, abin bai iso ba amma yana hango shi.

Ranar da Auta ta kawo masa lasisinta, ya juya shi gaba da baya, ya ce ya gaskata ta ci jarrabawa. Yarinya ta fara tsalle, Umma ta ce ta zauna tukuna. Ai kuwa sai ya ƙara da cewa gaskata takarda daban, amince wa mutum da ran 'ya'yan jama'a daban. Ga shugaban makarantar ya ce in aka dawo hutu bai ji daga gare ta ba, zai ba wani. Ita kuma ta rantse ba ta taɓa motar sai da albarkar Baba. A shagona ta zo ta yi kukanta, har ta jiƙa mini yadin mutane.

Ka san ni da rashin haƙuri. Na same shi a zaure na ce ya yanke mata hukunci alhali bai taɓa zama a motar da take ja ba. Ya ce shi bai yanke komai ba, bai zarge ta da ganganci ba, hasali ma yana kyautata mata zato, amma kyautata zato ba ya taka birki. Na fito ina huci. Sai a hanya na tuna cewa Baba bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba. Kai ne shaida, tun da lokacin da kake jan sa, taka birkin da babu ya yi ta yi har shimfiɗar ƙasan motar ta huje.

Ana nan sai ranar ganin likitan idonsa ta zo. Shi ya tuƙa mu, ni da Umma da Auta a baya. Likita ya ɗiga masa magani, ya ce kada ya kuskura ya taɓa sitiyari sai gobe, don haske zai riƙa kashe masa ido. Har yau ina zargin Umma ta san da haka, domin ita ta nace Auta ta rako mu wai ta riƙe mata jaka. Baba ya ce a bar motar a nemi ta haya. Umma ta tambaye shi, cikin sanyin murya, ko ya ga lasisin direban hayar. Ya miƙa wa Auta makulli yana kallon wani wajen.

Ya zauna a gaba, ya damƙe mariƙin ƙofa, ido rufe amma baki buɗe. A rage gudu, a canja giya, a kula da masu babur. Auta kuwa tana dai jan motarta a natse. Muka shiga cunkoson bakin kasuwa muka fita, umarnin ya fara raguwa, can ya ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka fushi ya yi. Sai muka ji minshari. Dogo, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Auta ta dube ni ta madubi, da muka iso ƙofar gida ta wuce ta sake zagaya unguwa don kada ya farka.

Da ya tashi ya ce zatonmu ne kawai, likita ne ya ce ya rufe ido. Umma ta ce ta gaskata shi, tana jin har minsharin ma likita ne ya rubuta. Washegari da safe ya kira Auta, ya sa ta buɗe gaban mota ta duba mai da ruwa a gabansa, sannan ya ce ta je ta gaya wa shugaban makarantar ya amince. Tun da nake ban taɓa jin ya faɗi wannan kalma a kan tuƙin wani ba. Ta fara aiki, yaran har sun sa mata suna Anti Direba, ni kuma daɗi ya ishe ni.

Umma tana gaishe ku, haka Kawu mai gyaran rediyo da Gwaggo da maigidana. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa kan 'yan biyu. Na tambayi Baba ko yanzu kai ma ya amince da tuƙinka, tun da ƙanwarka ta buɗe hanya. Ya yi tunani sosai, ya ce in gaya maka yana tsammanin za ka iya nan gaba.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki