Balkisa, Mijinki Ya Yi Ƙiba

Zuwa ga matata Balkisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina kwance cikin rahamar Allah. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko direbobin Gaya, da ba inda ba su kai saƙo, ba su san hanyar wurinki ba. Amma ina da labari, kuma ba wanda zai ji daɗinshi kamar ke.

Balkisa, na yi ƙiba!

Ni dai, Idi tela, wanda kinka shekara ashirin da biyu kina ɗura ma fura da tuwon shinkafa, kina cewa mutanen Malanville za su ce ba ki iya girki ba. Yau ga ni da kumatu, ga tumbi. Duk wandunana na farke su na ƙara musu ƙyalle.

Bari in faro miki daga tushe. Bayan rasuwarki na rufe shago, wata bakwai keken ɗinki bai juya ba. Ba ci, ba barci. In an yi sallama sai in juya fuska ga bango. Anka yi mini rubutu na sha, anka yi addu'a. Daga baya ɗiyarmu Nafisa ta sa ni mota sai Kandi, wurin wata likita. Ta saurare ni har na gaji da magana, sannan ta ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane, kuma yana da magani. Ƙwaya guda kullum. Cikin sati na shida, wata safiya na ji ƙamshin masar maƙwabta, sai na ji yunwa. Nafisa har da kuka don murna.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ciwon nan ya riga rasuwarki zuwa. Kin tuna lokutan da nake dawowa daga kasuwa in zauna shiru, kina tambaya mi kinka yi mini, in ce ba komi? Wallahi ba ki yi komi ba. Ban san sunan abin ba, kuma na ji kunyar a ce magidanci yana baƙin ciki ba dalili. Na bar ki kina zargin kanki. Ki gafarta mini.

To, yunwar nan da ta zo ba ta koma ba. Cikin wata takwas na ƙara kilo goma sha tara. A fadarmu ta shan shayi, Sani mai albasa ya baza cewa na yi aure a ɓoye a Gaya, har sunka ɗora ni bisa sikelin shinkafa suna ta shewa. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci mini rai. Sai na daina shan maganin, ina zuba ƙwayoyin cikin gwangwanin maɓallai. Kwana goma, ga jiri, ga duhun damuwar nan ya dawo. Nafisa ta je neman maɓalli ta gan su. Ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi. Wa ya koya mata wannan kallon in ba ke ba?

Munka koma Kandi. Likita ta ce maganin yana sa wasu ƙiba, amma ba a yanke shi kai tsaye, sai da shawararta. Ta auna tansiyo, wato hawan jini, da sukari, ta gyara mini yadda zan sha, ta kuma ɗora mini aiki.

Yanzu da an sallame asuba nake takawa har gada, in tsaya in ga masunta suna jan taru, in dawo. 'Yan duwan, kwastan ɗin bakin iyaka, duk sun san ni. Shayi sukari kaɗan. Kopton zogale, kwaɗon nan da na riƙa raina miki, shi nake ci da kifi, ina siɗe hannu. Ran Lahadi in hau keke zuwa Garou in taya ƙanena Musa ban ruwan albasa, in kwaso gajiya in yi barci kamar jariri. In zuciya ta yi nauyi kuwa, ina faɗa ma Sani. Ashe shi ma tun rasuwar ɗanshi yake ɗauke da irin nawa, bai gaya ma kowa ba. Yanzu tare muke zuwa gada, yana haki yana tsine ma ranar da ya san ni.

Kilo shida sun sauka. Sauran in sun so su zauna, ba ni korarsu.

Na buɗe shago, aiki har ya yi mini yawa. Atamfar nan mai ruwan ganye da kinka aje ba ki ɗinka ba, na ɗinka ma Nafisa ita. Ta sa ta ran Juma'a, ta ratsa tsakar gida tana taku irin naki da gangan, ni da ita munka yi ta dariya har na riƙe ciki.

Zan tsaya nan, ana jiran riguna uku kafin la'asar. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu da alheri. Sai dai ki ƙara haƙuri, ban shirya tahowa yanzu ba.

Mijinki,
Idi tela, na bakin kasuwa