Mai Fentin Sojojin Roba

Balad, Jidda.

Zuwa ga Yayana Isha'aku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da gumin teku. Shagon turare yana tafiya, masu umara suna ta shigowa suna shinshina kwalba goma su sayi ɗaya.

Kafin komai, ka miƙa mini godiya ga Alhaji Muslim, wanda ka wakilta ya binciko maka Zaharadden, yaron da ke neman 'yarka Sajida. Gaskiya ka iya zaɓen ɗan aike. Mutumin da ya sauka daga jirgi, ya yi umara, ya zagaye Balad yana sayen dabino da jallabiya, sannan ya leƙa ɗakin yaro tsawon shan shayi ɗaya ya gane halinsa kaf, ai ba ƙaramin masani ba ne. Ni da na tsufa a kasuwa, ko agogo ba na iya ganewa da wannan saurin. Ya gaya maka Zaharadden ƙato ne mai gemu da ke wasa da 'yar tsana, har da gumaka jere a kan kantar ɗakinsa, shi ya sa ka ce a dakata. To, Yaya, kai ne mai bayarwa, ni haihuwa kawai na yi. Amma ka ji nawa binciken.

Abin da Alhaji ya gani 'yan sojojin roba ne, kowanne bai kai babban yatsa ba. Sayo su ake yi farare, a yi musu fenti, ranar Juma'a bayan la'asar abokai su jera su a tebur kamar dara, da ɗan ludo da tef irin na tela. Na je na zauna na sa ido. Ba a ajiye ko sisi, ban kuma ga wanda ya durƙusa musu ba, sai wanda nasa ya faɗa ƙarƙashin kujera. Yaron yana da iƙama, wato takardar izinin zama, yana aiki a sito can tashar jiragen ruwa, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, bai taɓa kuka da shi ba.

Amma ka san ni, ba a tebur nake gane mutum ba, sai a gaban mai shago. Da na ji zai sayi burushin fenti sai na ce zan raka shi. Mai shagon ya zubo mana kaya, ni kuwa na cafki wani ƙunshi mai dozin, mai araha, na yi ta zuga shi yadda nake zuga baƙi. Ya yi murmushi, ya ce mini da Hausarsa mai gauraye da Larabci wai waɗannan gashin roba ne, bakinsu lanƙwashewa yake kamar ƙugiya. Sai na ɗauko mafi ƙanƙanta, mai gashi kamar na gira, na ce ƙaramin soja ai sai ƙaramin burushi. Nan ma ya ƙi, ya ce ba ya riƙe fenti, kafin ya kai idon sojan ya bushe. Matsakaici yake so, mai ciki da tsinin baki, na gashin wata dabba mai kama da kurege da ke ƙasashen sanyi.

Daga nan ya roƙi ruwa a kofi. Ya tsoma wannan, ya kaɗa a yatsa, ya ɗaga wa fitila ya ga ko bakin zai koma tsini ɗaya. Wanda ya rabu biyu ya share shi ya mayar masa da murfinsa. Mai shago ya fara yalla yalla, wai a yi sauri, ni ma ƙafata ta fara magana, yaron nan ko gezau, kuma bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya zaɓi ɗaya tak. Sannan ya ɗauki biyu daga masu arahar nan ya ce na aikin gam ne, don kada a wahalar da mai kyan, ina jin kuma don kada in ji kunya. A hanya yake gaya mini na wajensa ya shekara biyu, kullum sai ya wanke shi da sabulu ya gyara masa baki kafin ya ajiye.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. In ya sunkuya kan sojan nan, sai ka kira shi sau uku. Sajida ta san haka, ta ce ita ta fi son ta san inda mijinta yake, ko da a ƙarƙashin fitila ne yana yi wa soja gashin baki. Uwarta ta yi dariya har da hawaye, sannan ta harare ni, ban san dalili ba.

Ka gaishe mini da Hajiya Zubaidatu, da Fauziyya da maigidanta, da su Inna ta gidan ƙasa. Turaren Hajiya yana tafe a hannun masu dawowa.

Iyayen yaron sun ce za su zo bayan ƙaramar salla, in ka amince. Yarinyar ta rage cin abinci tun ranar da saƙonka ya iso, ga shi ba ta da jikin ragewa. Ni dai ba zan ce musu halas, magana ta ƙare, ba sai da bakinka. In kuwa ka ce mu jira namijin da ba shi da wani abin wasa ko ɗaya, to mun bi, sai dai ka taimaka mini da kwatance, don na zagaye kasuwannin Jidda ban gani ba. Ku can a wane layi ake sayar da shi?

Naka ƙane,
Gwadabe